Kashi Huɗu na Goggo

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe shida saura na safe

Na sake yin mafarkin nan. Otal ɗin ya saki ƙasa a hankali, da hawansa tara da fitilunsa, yana tafiya a kan ruwa kamar jirgi, ni kuma ina tsaye a sito ina ninke zannuwan gado, ko a jikina. Da na farka na ji injinan wanki sun fara ruri a ƙasa, sai na san muna nan inda muke.

Likita ce ta ce in riƙa rubuta abin da ke damuna. Ga shi ina rubutawa a 'yan takardun nan da muke ajiye wa baƙi kusa da waya. Shekara talatin da ɗaya ina rarraba su ɗaki-ɗaki, ban taɓa sa biro a kansu ba sai yau.

To me zan ce? Ni ce ƙanwar mai wurin nan. Ni ke kula da masu gyaran ɗakuna da ɗakin wanki. Kowa Goggo yake ce mini, har manaja, har baƙin da suka daɗe suna zuwa. Yaya yana can hawa na tara a kwance, wata biyar ke nan, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. 'Ya'yansa biyu, Injiniya da Auta, ko gaisawa ba sa yi.

Ranar talatin ga wata za a zauna a kan maganar sayar da kamfanin.

Talata, 3 ga wata, ƙarfe biyu da rabi na rana

Lauyan kamfani ya aiko a kira ni. Na je da rigar aiki, hannuna yana ƙamshin sabulu. Da na shiga ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi mini ba.

Ya ce, "Goggo, ina so ki gane. Ba wannan otal kaɗai ake magana ba. Babban kamfanin ne, wanda ya mallaki wannan, da na bakin teku, da na hanyar filin jirgi. Duk wanda ya saye shi ya kwashe ukun."

Ya zana da'ira a takarda ya tsattsaga ta. Shekara uku da suka wuce Yaya ya raba hannun jarinsa tsakanin 'ya'yansa: kashi arba'in da takwas na Injiniya, arba'in da takwas na Auta. Injiniya yana so a sayar. Auta ta ce sai dai bayan ranta. Lauya ya ɗora bakin bironsa a kan wani siririn yanki kamar yankan albasa.

"Wannan naki ne. Kashi huɗu. Inda kika karkata, can aka tafi."

Sai da na yi dariya. Lokacin da mijina ya rasu na dawo wurin Yaya da keken ɗinkina, otal ɗin ɗaki goma sha biyu ne kacal, ko labule babu. Na ɗinka labule ashirin da huɗu cikin kwana tara. Ya zo mini da wata takarda mai hatimi ya ce, "Ungo, ke ma kin zama mai otal." Na ɗauka tsokana ce irin tasa. Na jefa ta ƙasan akwati.

Na ce wa Lauya, "Ba za a iya ba wani ya riƙe mini ba?"

Ya ce, "Sai dai ki sayar wa ɗayansu. Shi ma ai zaɓi ne."

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ya sha rabin kofin shayi. Ya tambaye ni ko an sa rufi. Tun da ya faɗi hankalinsa ya koma lokacin da ake ginin nan, kalmomin da suka rage masa kuma ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Na ce an sa, Yaya. Ya lumshe ido.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Injiniya ya sauko ɗakin wanki da ƙafarsa, da takalminsa mai sheƙi, tururi ya rufe masa tabarau. Sarkin Guga, tsohon da ya shekara ashirin da shida yana goge mana kaya, ya ce, "Ranka ya daɗe, hanya ka ɓata? Ofishin manya yana sama." Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi ta dole.

Ya ja ni bayan manyan injinan, ya rusuna ya gaishe ni.

"Goggo, wallahi ba kwaɗayi ba ne. Gishirin teku ya cinye ƙarafan wancan otal ɗin. Na filin jirgi an gina masa manya biyu a gabansa. Yau muna da mai so, nan da shekara uku ba wanda zai ɗaga kai ya kalle mu. Kuma na gaji. Shekarata hamsin. 'Yata ta gama makaranta, a hoto na gani."

Ya ce zai saya mini gida mai lambu. Na ce me zan yi da lambu, ni da ko tumatir ban taɓa shukawa ba.

Fatar idonsa na hagu tana rawa. Haka take yi tun yana ƙarami, in kuka ya zo masa yana danne shi. Na ce, "Ka hau ka duba mahaifinka?" Ya kalli agogo ya ce yana da taro.

Bai hau ba tun ranar Alhamis ɗin nan da Yaya ya faɗi.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe uku na rana

Auta ba ta zo da hujja ba, kanta ta kawo. Ta shigo sito, ta tuɓe takalmi, ta kwanta a kan tarin tawul ta ɗora kai a cinyata. Ita ke tafiyar da otal ɗin nan, ma'aikata ɗari biyu suna gyara tsayuwa in ta wuce, amma ni na raine ta bayan uwarta ta rasu, kuma har yau ƙamshin tsakiyar kanta bai canja ba.

"Goggo, Baba yana sama da ransa. A sayar da gadon da yake kwance a kai? Da bakinsa zai buɗe, me kike ganin zai ce?"

Na ci gaba da shafa kanta. Rana tana shigowa ta 'yar tagar sama, ɓurɓushin auduga yana yawo a cikin hasken a hankali kamar ba shi da inda za shi. Na bi ɗaya da ido har ya ɓace.

"Goggo, kin yi shiru."

"Ina jin ki, 'yar nan."

Ban kalli saman kabad ba. Duk tsawon zamanta ban kalla ba.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Yaya yana da rai ai. Ba abin da ya same shi tukuna.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Masu saye sun turo mutanensu su duba gini. Su shida ne, shugabarsu wata gajeriyar mace mai furfura, ba ta ɗaga murya. Suna da wata 'yar na'ura da ke jefa jan ɗigo a bango, ta faɗi tsawon ɗaki. Ni aka sa in zaga da su, tunda ni ke da makullin ko'ina.

A ɗaki na 412 matar ba ta kalli talabijin ba, ba ta kalli banɗaki ba. Kusurwar katifa ta ɗaga ta duba yadda aka soke zanen. Ta tsaya.

"Wa ya koya musu wannan?"

Na ce ni ce. Ta ce mahaifiyarta shekara ashirin ta yi tana wannan aikin, kuma haka take sokewa. Ban so ta kwanta mini a rai ba, amma ta kwanta.

Da muka kai ƙarshen koridon hawa na biyu, ɗaya daga cikin mazan ya tura ƙofar ɗakina kafin in yi magana. Ga gadona, ga keken ɗinki, ga hoton mijina, ga silifas ɗina a jere. Ya duba taswirar ginin da ke hannunsa, ya sake duban ɗakin.

"A nan an rubuta ma'ajiyar tsintsiya."

Jan ɗigon ya sauka a kan matashina. Mita uku da rabi.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Alhamis ba ta yi mini daɗi. Na hau hawa na shida, wanda aka rufe tun da baƙi suka ragu. An lulluɓe kujeru da fararen zannuwa. Na bi ɗakunan ina buɗe labule ina rufewa, ba dalili. A 609 na zauna a bakin gado, sai na ji kamar duk waɗanda suka taɓa kwana a nan suna nan. Mutumin da ke zuwa duk shekara ya nemi matashi biyar. Matar da ta bar ɗan kunne ɗaya ba ta dawo nema ba. Tagwayen da suka zana kifi a bango da jan-baki. Suna wucewa ta gabana ba sa taka ƙasa. Ban ji tsoro ba. Har na so in tambaye su ko sun yi barci mai daɗi.

Ban san lokacin da barci ya sace ni ba. A mafarkin muna ɗakin cin abinci na sama, kamar ranar. Miya tana tururi. Injiniya yana buga tebur, Auta tana tsaye tana nuna shi da cokali, Yaya ya dafa kujera ya miƙe, ya buɗe baki. A mafarkin ya yi maganar. Na ga leɓensa yana motsi, amma ƙarar injinan wanki ta rufe muryar.

A zahiri bai yi ba. Faɗuwa kawai ya yi, ya ja zanen tebur da shi.

Tun daga ranar kowannensu yake cewa laifin ɗayan ne. Da ƙarfi suke faɗa, don kada su ji abin da zuciyarsu ke cewa.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe goma na safe

Sarkin Guga ya jingine dutsen guga a tsaye, abin da ba ya yi sai magana ta kai magana.

"Goggo, an ce zancen yana hannunki. Ni ban ce ki yi kaza ba. Amma an ce sababbin nan a mota suke fitar da wanki waje. In haka ne ki gaya mana da wuri, mu san inda za mu sa kanmu. Ni hannun nan ba abin da ya iya sai wannan."

Ya nuna mini tafinsa. Sumul, zafin shekaru ya goge zanen. Matan suka daina ninki suna saurare.

Na ce ban san komai ba tukuna. Ya kalle ni, ya ɗauki dutsensa. Mutumin da ya san tabon shayi daga na kofi a nesa, ni zan ɓoye wa fuska?

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe shida na safe

Ban yi mafarki ba. Na fi son ranar da na yi.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe biyu na rana

To bari in rubuta, tunda takarda ba za ta kai ƙarata ba.

Kwana shida kafin ya faɗi, Yaya ya same ni a sito ya tura ƙofa. Ya miƙo mini ambulan. Ya ce, "In wani abu ya same ni, ki tara su su biyun ki ba su. Na kasa faɗa musu ido da ido." Bai manne bakin ambulan ɗin ba. Ya san ni. Tun kafin ƙarar takalminsa ta ɓace a korido na karanta.

Ya ce su sayar.

Na tura shi saman kabad, tsakanin tsofaffin labulen da ba a amfani da su. Da ya faɗi na ce bari a ga yadda jiki zai yi. Da aka dawo da shi daga asibiti na ce ai yana da rai, ba abin da ya same shi. Wata biyar ina faɗa wa kaina haka, ina kallon yaran nan suna yaga juna, ina kallon Auta tana yaƙi da sunan mutumin da ya riga ya sallama.

Ba don Auta na ɓoye ba. Ba don ma'aikata ba. Na juya abin ta kowane gefe ko zan samo wani dalili mai kyawun gani, babu. Shekarata sittin da uku. Ban san yadda ake wayar gari a wani wuri ba.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Nas ta sauka cin abinci, na zauna a wurinta. Ɗakin Yaya gilashi ne daga sama har ƙasa. Yau gajimare ya sauko ya zauna daidai da tagar, fari fat, kamar an shanya mana zannuwa a sararin sama. Garin duk ya ɓace. Mu biyu kaɗai muka rage, da ƙarar numfashinsa.

Na goge masa baki, na gaya masa duka. Ambulan, kabad, wata biyar. Ban sani ba ko yana ganewa. Yana ta kallon farin nan.

Can sai ya kamo wuyan hannuna da hagunsa. Har yanzu da ƙarfinsa, hannun da ya ɗauki bulo. Ya kira ni da sunan da ba wanda ya kira ni da shi tun rasuwar innarmu.

"Kumatu."

"Na'am, Yaya."

"Mu tafi gida."

Na ce, "Yaya, ai nan ne gida. Shekara ashirin kana hawan nan."

Ya girgiza kai. Ya daɗe yana neman kalmar, ina kallon ta tana yi masa gardama a baki.

"Na baƙi ne."

Gidan da yake nufi, inda aka haifi yaran, shi da kansa ya sa aka rushe. Nan ne wurin ajiye motoci yanzu. Ban tuna masa ba. Na ce to, za mu tafi.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na aika wa kowannensu cewa Goggo na kira, ban ce da wa ba. Injiniya ya tsaya a bakin ƙofar sito, Auta ta tsaya jikin taga, tawul ɗari uku a tsakaninsu. Na taka kujera don in ɗauko ambulan ɗin daga saman kabad. Ba wanda ya motsa ya riƙe mini, kowa yana jiran ɗayan.

Auta ce ta fara gane rubutun. Ta karɓa, ta karanta a bayyane:

"Ku biyu. Na gina wa baƙi wurin barci, na hana 'ya'yana barci. Na raba muku daidai ina ganin adalci na yi, ashe ɗaure ku na yi a abu ɗaya kowa yana ja. Ku sayar tun kuna iya zama a tebur ɗaya. Kada ku bar ma'aikata a titi. Goggonku kuwa ku yi haƙuri da ita, ita za ta fi ku shan wuya. Babanku."

Ta kai ƙarshe, ta koma sama, wurin kwanan wata. Na ga lokacin da ta gani.

"Goggo, tun yaushe yake hannunki?"

"Tun kafin ya faɗi."

"Na kwanta a cinyarki a ɗakin nan. Na tambaye ki."

"Kin tambaya."

Da ma ta yi ihu. Ninke takardar ta yi a kan tsohon ninkinta, ta ajiye a kan tawul, ta fita tana bin bango da hannu.

Injiniya, wanda ya kamata a ce ya yi nasara, sulalewa ya yi ya zauna a ƙasa da wandonsa mai tsada.

"Ranar nan da ya miƙe, Goggo. Wannan ce maganar da zai yi?"

Na ce Allah kaɗai ya sani.

Daga nan sama ya hau. Nas ta ce ya yi awa biyu a gefen mahaifinsa, yana yanke masa farce.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Mun haɗu da Auta a korido. Ta ce, "Ina kwana." Irin wadda ake yi wa baƙo. Babu Goggo a ciki.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na sa Lauya ya kai ni wurin matar nan mai furfura. Na canja riga, na sa takalmin da ke matse ni.

Na ce, "Kuna son kashi huɗuna su karkata wajenku. To a rubuta cewa ba za a sallami kowa ba har shekara uku, a otal ɗin uku duka. Wanki kuma a nan za a ci gaba da yi."

Ta ce, "Shekara ɗaya."

Na ce, "Uku."

"Kin san kashi huɗu ne kawai?"

"Na sani. Ke ma kin san inda suke zaune."

Ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta fita da waya a kunne, ta bar ni da shayin da ya yi mini zaƙi da yawa. Ta tagar ofishin ina hango wurin iyo, ba kowa a ciki, iska tana rubutu a kan ruwan tana sharewa. Ban san minti nawa ba. Da ta dawo ta ce uku, amma zai rage abin da iyali za su samu. Lauya ya kira Injiniya. Daga inda nake na ji amsarsa: "Abin da Goggo ta ce."

Da za mu fita ta ce, "Ke fa? Ba ki roƙa wa kanki komai ba. Za mu so ki zauna ki ci gaba da koya wa yara. Ɗakinki ma ba mai taɓawa."

Na ce a'a da sauri, kafin bakina ya faɗi wani abu daban. Na riga na ce wa Yaya za mu tafi.

A lif na cire takalmin na riƙe a hannu. Lauya ya yi kamar bai gani ba.

Juma'a, 27 ga wata, ƙarfe goma na safe

Yau aka sauko da babbar fitilar wurin karɓar baƙi don wanki, kamar yadda ake yi duk wata shida. Ƙwayoyin gilashi dubu da wani abu, sai an goge su ɗaya bayan ɗaya da ruwan ɗumi. Manaja ya ce a bari sababbi su yi. Na ce ba za a miƙa musu ita da ƙura ba.

Ina gogewa sai na ga ƙyalle yana motsi ta ɗaya gefen. Auta ce, ta naɗe hannun riga. Tun tana shekara tara muke wannan aikin tare. Ta cikin gilasan ina ganin fuskarta ta rabu ɗari, kowace da ido ja. Rana ta shigo ta ƙofa, launuka suka watsu a bango, a silin, a hannuwanmu.

Awa biyu muka yi. Magana ɗaya ta yi, ba ta kalle ni ba.

"Kin tsallake wannan."

Gaskiya ne, na tsallake.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe biyu na rana

An yi.

Dogon tebur, kwalaben ruwa, takardu an jera kowa da nasa. An ba ni kujera mai juyawa, sai da na kafa ƙafa don kada ta tafi da ni. Lauya ya karanta abin da zai karanta, ya ce wanda ya yarda a sayar ya ɗaga hannu.

Injiniya ya ɗaga. Na ɗaga. Hannuna ya yi mini nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Lauya ya ce hamsin da biyu, ya isa, ya sunkuya zai rubuta.

Auta ta ce, "Tsaya."

Ta ɗaga nata, tana kallon bango.

"A rubuta ɗari. Ba na so a ce an kayar da wani a gidanmu."

Na sa hannu a wuri goma sha ɗaya. A na ƙarshe na manta yadda nake rubuta sunana, sai da na tsaya na tuna.

Da na sauka ɗakin wanki na gaya musu maganar shekara uku, matan suka rungume ni da jiƙaƙƙun hannuwa. Sarkin Guga ya ce, "Shekara uku? To ni nan da uku ai na goge duk abin da Allah ya rubuta mini in goge." Ya juya baya ya daɗe yana gyara wuyan wata riga da ba ta buƙatar gyara.

Alhamis, 2 ga sabon wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

An sauko da Yaya. Auta ce ta ce gidanta za a kai shi. Ma'aikata suka jeru tun daga bakin lif har ƙofa, ba wanda ya ce su yi. Injiniya yana tura keken, Auta tana riƙe da bargon kada ya shiga taya. Ba su yi wa juna magana ba, amma a bakin matakala sai da suka ɗaga keken tare.

Motar ta tafi. Ba a ce in zo ba. Ni ma ban tambaya ba.

Laraba, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Kayana duka akwati biyu ne da keken ɗinki. Na zauna ina kallon su. Ban san adireshin da zan ba direba ba.

Lahadi, 12 ga wata, ƙarfe tara da kwata na safe

Jiya na miƙa makullai. Matar nan mai furfura ta ba ni katin ɗaki na 801, mafi girma a ginin, ta ce in kwana a matsayin baƙuwa kafin in tafi. Gadon ya yi mini faɗi, na lafe a gefe ɗaya. Ashe haka zanenmu yake a jiki. Na yi barci har ƙarfe takwas.

Aka ƙwanƙwasa. Na ɗauka mai gyaran ɗaki ce. Auta ce, da makullin mota a hannu. Ta shigo, ta shafa saman talabijin da yatsa ta duba, don sabo.

"Baba ya ƙi cin abinci a hannun kowa. Ke yake nema. Akwai ɗaki kusa da nasa, na sa an kai kayanki."

Na ce, "Auta..."

"Goggo, kada ki ba ni haƙuri yau. Ban huce ba. Ki dai taho."

Na ce to. Na sa takalmi. Da na juya, hannuna ya riga ya kama bakin zanen gado, ni ban ma sani ba.

Ta ce, "Bar shi. Yau ke baƙuwa ce."

Na daɗe a tsaye kafin yatsuna su yarda su saki.

Tana can bakin lif tana jira, ina jin ta tana kaɗa makulli. A tsaye nake rubuta wannan. Gadon yana nan a hargitse, da shatin jikina a gefe ɗaya. Yanzu zan ja ƙofar.